Gwajin Jini da Auna Tsananin Gubar Maganin Ƙwari

Wani matashin likita da ke aiki a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, inda akasarin jama'a manoma ne, ya aiko da tambaya. Ya ce da damina, da kuma lokacin kaka sa'ad da ake adana wake da masara, ba a fasa kawo masa waɗanda maganin ƙwari ya taɓa: mai feshin da ya jiƙe sharkaf a gona, da yaron da ya tarar da fiya-fiya a gorar lemo, da waɗanda suka sha da gangan. Yana son ya san gwajin jinin da zai bambance masa wanda ke bakin halaka da wanda za a iya sallama. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, ya taɓa aika jinin wani majinyaci birni, sakamakon kolinestares, wani sinadarin jini da irin wannan guba ke ragewa, ya dawo ƙasa ƙwarai da gaske, alhali mai jinin yana zaune bisa gado yana hira da 'yan dubiya.

Likita, sannu da aiki, Allah ya ƙara basira. Babu gwajin jini guda ɗaya da zai yanke maka hukunci a kan duk magungunan ƙwari, domin gubar ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda idonka da abin sauraron ƙirjinka suka fi ɗakin gwaji saurin gane tsananinta, akwai kuma wadda majinyacin zai yaudare ka da kyan gani alhali jininsa ya riga ya nuna inda aka dosa. Ko a inda gwajin ke da rana, lambar da aka rubuto maka ba za ta amfane ka ba sai ka san sinadarin da aka auna, da gubar da ta shiga jiki, da lokacin da aka ɗebi jinin, da yadda aka riƙe shi kafin ya kai ga na'ura.

Bari mu fara da rukunin oganofosfet, tun da shi ne ya fi cika gadajenmu. A cikinsa ne ake samun dikulobos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, shi ne ke cikin Sniper, shi ne kuma aka fi samu a fiya-fiyar da ake haɗawa a gida. Hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa a shekarar 2019, amma har yau ba ya wuyar samu. 'Yan'uwansa su ne kulofirifos da daimetowet da firofenofos da dayazinon. Aikinsu a jiki ɗaya ne. Jijiya tana aika saƙo ga tsoka ko ga gaɓoɓin da ke fitar da ruwa ta hanyar sakin sinadarin asetilkolin, sai wani enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta aiki a jiki, mai suna asetilkolinestares ya rushe shi nan take domin saƙon ya tsaya. Gubar tana ɗaure wannan enzayim, saƙon ya ƙi tsayawa. Shi ya sa za ka ga ɗan ido ya tsuke, yawu na dalala, gumi ya jiƙa riga, ga amai da gudawa, tsoka na rawa a ƙarƙashin fata, ƙirji kuma ya cika da kaki. Numfashi ne ke kashe yawancin waɗannan mutane, ko dai huhu ya cika da ruwa, ko tsokar numfashi ta gaza, ko ƙwaƙwalwa ta daina ba da umarnin shaƙar iska. Saboda haka kada ka jinkirta atirofin, allurar da ke busar da wannan kaki da yawu, don jiran takarda daga ɗakin gwaji. Ga babba ana farawa da miligiram 1 zuwa 3 ta jijiya, a riƙa ninkawa duk bayan minti 5, har ƙirji ya washe, bugun zuciya ya haura 80 a minti, lambar sama ta awon jini ita ma ta haura 80.

Kolinestares da ake aunawa a jini iri biyu ne, kuma a nan ne ruɗanin da ka shiga ya samo asali. Na farko yana cikin ruwan jini, hanta ce ke samar da shi, sunansa butirilkolinestares. Na biyu yana manne a jikin jajayen ƙwayoyin jini, shi ne asetilkolinestares na ainihi, irin wanda ke bakin jijiya. Yawancin ɗakunan gwaji na farkon suke aunawa, domin ya fi sauƙi da araha, ta hanyar da Ellman da abokan aikinsa suka fito da ita a shekarar 1961, inda ruwan gwajin ke rinewa rawaya gwargwadon ƙarfin enzayim. Idan aka rubuto maka kolinestares kawai ba tare da ƙarin bayani ba, ka ɗauka na ruwan jini ne har sai ka tambaya.

Matsalar ita ce, ɗaure enzayim na ruwan jini ba shi ne ke jawo ciwon ba. Akwai mutanen da aka haifa da ƙarancinsa ƙwarai, suna rayuwarsu lafiya lau. Faɗuwarsa shaida ce cewa guba ta shiga jiki, amma zurfin faɗuwar ya fi dogara ga irin gubar fiye da yawan ɓarnar da ta yi. Kulofirifos da dikulobos da dayazinon suna murƙushe shi da ɗan kaɗan, daimetowet kuwa ba ya taɓa shi sosai ko da yana gab da kashe mutum. Binciken da Michael Eddleston da abokan aikinsa suka yi a Siri Lanka, wanda aka buga a shekarar 2005, ya bi majinyata 802 da aka tabbatar da irin gubar da suka sha ta gwajin jini. Cikin masu kulofirifos kashi 8 cikin 100 ne suka rasu, cikin masu fentiyon, wanda shi ma ɗan rukunin ne, kusan kashi 16, cikin masu daimetowet kuwa kusan kashi 23, alhali enzayim na ruwan jinin masu kulofirifos ya fi na masu daimetowet faɗuwa nesa ba kusa ba. Ina kyautata zaton majinyacinka mai hira da 'yan dubiya irin na farkon ya haɗu da shi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kishiyarsa, mai lamba mai kyan gani da awon jininsa ke zamewa ƙasa sannu a hankali.

A littattafai za ka ci karo da rabon da Namba ya yi a shekarar 1971: idan ƙarfin enzayim ya rage tsakanin kashi 20 zuwa 50 cikin 100 na yadda ya kamata, gubar mai sauƙi ce, tsakanin 10 zuwa 20 matsakaiciya, ƙasa da 10 mai tsanani. Ka san shi, domin za a tambaye ka a jarrabawa, amma kada ka kwantar ko ka sallami mutum da shi kaɗai. Ban da bambancin guba, ba ka san lambar da mutumin yake da ita kafin ya kwanta ba, kuma tazarar da ke tsakanin lafiyayyun mutane tana da faɗi. Ciwon hanta, da tamowa, da juna biyu duk suna saukar da enzayim na ruwan jini ba tare da wata guba ba, ga shi kuwa ciwon hanta da ƙarancin abinci ba baƙi ba ne a ƙauyukanmu.

Inda wannan gwaji ke da amfani na gaske shi ne idan an maimaita shi kullum. Muddin akwai sauran guba a jiki, lambar za ta zauna a ƙasa. Ranar da ta fara hawa, alama ce cewa jiki ya kusa kawar da gubar, daga nan hanta takan mayar da kusan kashi 7 cikin 100 a kowace rana. Wannan yana taimakawa ƙwarai ga magunguna masu narkewa a kitse irin su fentiyon, waɗanda ke ɓuya a jiki su riƙa fitowa kwana da kwanaki, har majinyacin da aka zaci ya warware ya sake rikicewa bayan an janye atirofin. Amfaninsa na biyu yana wurin sa bututun numfashi: wannan enzayim ne ke rushe sukzametoniyam, allurar sassauta tsoka da ake yi kafin sa bututun, don haka idan aka ba mai wannan guba shi, shanyewar tsokar da aka saba gani ta 'yan mintuna tana iya ɗaukar sa'o'i. Gara a zaɓi wani maganin.

Enzayim na jajayen ƙwayoyin jini ya fi kusa da gaskiyar abin da ke faruwa a bakin jijiya. Nazarin da aka yi a Jamus kan majinyata ya nuna cewa idan ƙarfinsa ya haura kashi 30 cikin 100, saƙo tsakanin jijiya da tsoka yakan tafi daidai, ba a cika buƙatar atirofin ba, idan kuma ya sauka ƙasa da kashi 10, saƙon ya lalace ƙwarai, sai a shirya wa gazawar numfashi. Shi ne kuma ke nuna ko firalidoksim yana aiki. Wannan magani yana kwance gubar daga jikin enzayim, amma yana da wa'adi, domin bayan wani lokaci ɗaurin yakan zama na dindindin, abin da masana ke kira tsufan enzayim. Ga reshen su dikulobos da daimetowet da fentiyon, rabin enzayim ɗin da aka ɗaure yakan tsufa cikin sa'a 3 zuwa 4 kacal. Ga reshen su kulofirifos da dayazinon, sai bayan kusan sa'a 33. Manomin da aka ɗauko daga ƙauye bayan ya kwana, idan dikulobos ne, yawancin enzayim ɗinsa ya riga ya wuce gyara, idan kuma kulofirifos ne, da sauran dama. A ɗebi jini kafin allurar, a sake ɗiba bayanta. Idan lambar ta yi tsalle, maganin ya sami abin kwancewa.

Gwajin enzayim na jajayen ƙwayoyi ma yana da nasa raunin. Bayan 'yan kwanakin farko ba ya ƙara bin sawun lafiyar majinyaci, domin enzayim ɗin da ya tsufa a jikin ƙwayar jini ba ya dawowa sai ɓargo ya ƙera sababbin ƙwayoyi, abin da ke tafiya da kusan kashi 1 cikin 100 a rana, alhali jijiya ta daɗe da farfaɗowa. Mutum yana iya komawa gona lambarsa tana ƙasa. Dole ne kuma a daidaita sakamakon da yawan himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin, in ba haka ba mai ƙarancin jini, irin wanda zazzaɓin cizon sauro ke bari da damina, zai fito kamar gubarsa ta fi yadda take. Mai sikila kuwa, da yake jininsa cike yake da sababbin ƙwayoyi masu yawan enzayim, lambarsa tana iya fitowa sama ta ɓoye maka ɓarnar.

Akwai abin da nake so ka riƙe da hannu biyu, wato yadda ake ɗibar jinin, domin a nan ne sakamako da yawa ke lalacewa tun bai kai ga na'ura ba. Guba da enzayim da firalidoksim ba sa daina aiki don an zuba su a kwalbar gwaji. Idan da sauran guba a ruwan jinin, za ta ci gaba da ɗaure enzayim a cikin kwalbar, lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Idan da firalidoksim, zai ci gaba da kwancewa, lambar ta fito sama da gaskiya. 'Yan mintuna a zafin ɗaki sun isa su sauya sakamako, balle jinin da aka ba direban motar haya da rana tsaka a watan Afrilu. Abin da masu bincike ke yi a bakin gado shi ne su tanadi kwalba mai ɗauke da mililita 4 na ruwan gishirin asibiti mai sanyi, tana zaune cikin ƙanƙara, da zarar an zaro allura daga jijiya sai a ɗiga mililita 0.2 na jinin a ciki, a girgiza, a kai firiza cikin minti 5. Sanyi da tsarmawa su ne ke tsayar da aikin. A jikin kwalbar a rubuta ƙarfe nawa aka ɗiba, da sa'a nawa bayan shan gubar, da ko an riga an yi firalidoksim. Zafin ɗakin gwaji ma yana shiga lissafi, domin ƙarfin enzayim na ruwan jini yana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya. Idan ba za a iya kiyaye waɗannan ba, a ganina kuɗin da dangi za su biya na gwajin ya fi amfani a sayi ƙarin atirofin da shi.

Rukunin kabamet, irin su kabofuran da ke cikin Furadan, alamominsu kamar na oganofosfet ne, sai dai suna sakin enzayim da kansu cikin sa'o'i, a jiki da a kwalba. Sakamako mai kyau ba ya wanke su.

To, da me za ka auna tsanani a asibiti irin naka? Gani ya kori ji. Ma'aunin Gilasgo na farkawar majinyaci, wanda kake amfani da shi kullum, an gwada shi a Siri Lanka an ga cewa wanda ya zo da maki 13 ko ƙasa yana buƙatar sa ido na musamman, ko da yake masu fentiyon sukan zo da hankalinsu garau sannan su rikice daga baya. Akwai kuma ma'aunin Feradeniya na shekarar 1993, mai duba ɗan ido da numfashi da bugun zuciya da rawar tsoka da farkawa da jijjiga: maki 0 zuwa 3 mai sauƙi, 4 zuwa 7 matsakaici, 8 zuwa 11 mai tsanani. Bayan an shawo kan rikicin farko, tsakanin sa'a 24 zuwa 96 wata shanyewar tsoka tana iya biyowa, wadda Senanayake da Karalliedde suka bayyana a shekarar 1987, kuma atirofin ba ya hana ta. Gwajinta ba ya buƙatar ko sisi. Majinyaci yana kwance rigingine, ka ɗora tafin hannunka a goshinsa, ka ce masa, "Baba, ɗago kanka daga matashi, ka ture hannuna." Idan wuyan ya kasa, tsokar numfashi ce ke biye, sai ka nemi inda ke da na'urar numfashi tun yana iya magana. A koya wa ma'aikatan jinya su riƙa yin wannan duk bayan 'yan sa'o'i, dare da rana.

Gwaje-gwajen yau da kullum, waɗanda ake rainawa, sun fi kolinestares faɗa maka halin da gaɓoɓi ke ciki. Gwajin iskar jini, in akwai shi, yana gaba da duka: tsamin jini da ya sauko da ma'aunin pH ƙasa, da raguwar bayikabonet, da hauhawar laktet suna tafiya da yawan mace-mace, taruwar iskar kabon kuma tana nuna numfashi ya fara gazawa tun kafin na'urar yatsa ta nuna faɗuwar oksijin. A duba suga a kan kowa, musamman yara da wanda ya zo a sume. A duba fotasiyam, domin amai da gudawa suna zubar da shi, ƙarancinsa kuma yana haɗuwa da gubar ya rikita bugun zuciya. Kiriyatinin yana nuna ƙoda. Amiles, wani enzayim na narkar da abinci, yakan hau, wani lokaci daga gaɓoɓin yawu kawai, wani lokaci daga kumburin fankiriyas, don haka idan da ciwon ciki a nemi gwajin lifes, enzayim ɗin fankiriyas. Yawan fararen ƙwayoyin jini a ranar farko ba hujjar kamuwa da ƙwayar cuta ba ce, amma idan ya zo da zazzaɓi a rana ta biyu ko ta uku, ka tuna da huhu, musamman in dangi sun ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri don ya yi amai. Wannan ɗabi'a tana ba ni takaici matuƙa, domin abin da aka ɗura da man da aka narkar da gubar a ciki sukan sarƙe shi su gangara huhu.

Maganin ciyawa na farakwat, wanda manoma suka sani da Gramoxone, shi ne ya juya lamarin. A nan ido ne ke ruɗi. Mutum zai zo da ƙafarsa, yana ƙorafin zafin baki da maƙogwaro kawai, bayan kwana biyu ƙoda da hanta su fara gazawa, cikin mako ɗaya zuwa uku huhu ya ƙandare. Gwajin farko ma na fitsari ne: a zuba bayikabonet a kusan mililita 10 na fitsari, a ƙara hodar sodiyam ditiyonayit, a duba a gaban farar takarda. Idan ya rine shuɗi akwai farakwat, shuɗi mai duhu kuwa mummunar alama ce. Inda ake iya auna yawansa a ruwan jini, ana ɗora lambar a kan jadawalin Proudfoot na shekarar 1979, wanda ya nuna cewa masu tsira su ne waɗanda lambarsu ba ta haura miligiram 2 a lita a sa'a ta 4 ba, ko 0.3 a sa'a ta 10, ko 0.1 a sa'a ta 24. Ka ga lamba ba tare da lokaci ba aikin banza ce. A wurinka, kiriyatinin da aka auna sau biyu da tazarar sa'a 6 zuwa 12 shi ne madadin. Saurin hawansa ya fi lambar farko ma'ana. Kada a sa wa mai farakwat oksijin sai in iskar jininsa ta faɗi sosai, domin oksijin yana ƙara wa gubar ƙarfi a huhu.

Ƙwayar aluminiyam fosfayid da ake jefawa a buhun wake ko rumbu, irin su Phostoxin, ba ta da makari, ba a kuma auna ta a jini a aikin yau da kullum. Takardar da aka jiƙa da silba naitiret tana baƙi idan tururin ruwan ciki ya taɓa ta, wannan tabbatarwa ce kawai. Tsananin yana bayyana a faɗuwar awon jini, da tsamin jini, da laktet, da hoton bugun zuciya, alhali majinyacin yakan kasance cikin hayyacinsa har kusan ƙarshe.

Shinkafar ɓera suna ne na kasuwa, ba ya gaya maka abin da ke ciki, don haka ka nace a kawo ƙunshin ko kwalbar. Idan mai tsinka jini ce irin burodifakum, gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, yakan fito daidai a ranar farko, sai a maimaita a sa'a 24 da sa'a 48, kuma wanda nasa ya hau yana iya buƙatar bitamin K na makonni ko watanni. Inda babu INR, gwajin da muka saba yi wa wanda kububuwa ta sara, na barin jini minti 20 a busasshiyar kwalbar gilashi, zai nuna mummunan tsinkewa, ko da yake ba ya kama mai sauƙi.

Game da sallama, wanda ya zo ba shi da wata alama bayan oganofosfet a riƙe shi sa'a 12 zuwa 24, a ƙara idan mai narkewa a kitse ne ko ba a san irinsa ba. Wanda aka yi wa atirofin kuwa sai ya yi aƙalla kwana ɗaya cur bayan an tsayar da shi, ƙirji a bushe, wuya da ƙarfi. Mai feshi kada ya koma ga magani sai enzayim ɗinsa ya farfaɗo, domin ɗan kaɗan zai sake kayar da shi. Wanda ya sha da gangan, a zauna da shi a keɓe cikin mutunci a ji damuwarsa, a haɗa shi da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a kuma roƙi dangi su kwashe sauran magungunan daga gidan kafin ya koma. Idan tura shi za ka yi asibitin koyarwa, ka rubuta sunan da ke jikin kwalbar, da lokacin da abin ya faru, da jimillar atirofin da aka yi masa, da kowane sakamako tare da sa'ar da aka ɗebi jininsa, ma'aikacin jinya kuma ya raka shi da isasshen atirofin da jakar hura numfashi a cikin motar.